Abin da na koya daga koyar da ɗaliba mai larurar gani a Nima

Turanci nake koyarwa a wata ƙaramar sakandare a Nima, unguwa a birnin Accra na Ghana. A da, iyayen da Allah ya ba yaro makaho, in suna da hali kuma sun san hanya, Akropong suke kai shi, makarantar makafi da ke nan tun 1945, ko kuma Wa can arewa. Da yawa a zangonmu kuwa gida ake ajiye yaron, wani ma a tura shi bara. Ghana ta yi dokar nakasassu a 2006, ta fito da tsarin karatu a aji ɗaya da kowa a 2015, to amma ranar da yarinya mai larurar gani ta zauna a bencin gaba, malami ne zai san yadda za a yi.

Ɗalibata tana da tsohuwar kwamfuta da kawunta ya ba ta, an sa mata NVDA, manhajar da ke karanta abin da ke kan fuskar kwamfuta da murya. Wasu makafi biyu 'yan Ostireliya ne suka gina ta, kuma kyauta ce, saɓanin takwararta JAWS da kuɗinta ya fi ƙarfin talaka. In ta zauna, sai ta lalubo ɗan tudun da ke kan maɓallan F da J, ta jera yatsunta, ta sa abin ji a kunne ɗaya ta bar ɗayan don jin maganata. Muryar na gudu kamar mai tallan magani a tasha. Ni ko kalma ba na kamawa, ita kuwa tuni ta gama shafi.

Babban abin da na gane shi ne, na'urar ba ta wuce abin da malami ya ba ta. Mu malamai mun saba mu cika allo, wani yaro ya ɗauki hoto ya jefa a WhatsApp na aji. TalkBack, mai karanta mata fuskar wayarta da murya, zai ce mata hoto ne, shi ke nan. Akwai manhajojin da ke karanta rubutu daga hoto, amma rubutun alli a allon da ya sha goge-goge ya fi ƙarfinsu. Yanzu duk abin da zan koyar sai na buga shi tun da dare na tura mata. Magana ma sai da ta canza. Ba a nuna allo a ce "wannan da wancan", don za ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, wanne ne wannan ɗin?" Dole in faɗi abin da nake rubutawa, har da waƙafi da aya. Abin da ya fi faranta mini rai, yaran bencin baya da ba sa hango allo sosai su ma sun amfana.

Ni ma kwamfutar ta rage mini wahala. In da rubutun makafi ta amsa tambayoyi, sai an jira malamin ilimi na musamman ya zo ya juya shi zuwa rubutun da nake iya karantawa, wani lokaci har an wuce darasin. In ta buga a kwamfuta kuwa, a ranar nake dubawa tare da na kowa.

Duk da haka ban yarda da masu cewa rubutun makafi ya zama tsohon yayi ba. Kunne ba ya koya wa yaro yadda ake rubuta kalma, musamman a Turanci da kalmomi biyu ke da sauti ɗaya rubutu daban. Ɗigo shidan nan da na'urar Perkins ke bugawa a takarda mai kauri, su ne ke sa mata haruffa a yatsa, kuma a lissafi ba su da madadi. Sai dai takardar tana da tsada. Ga dumso, wato yawan ɗauke wuta: in ta ɗauke tun dare, batir ba ya kai ta azahar.

Kwanaki mahaifiyarta ta tare ni a bakin ƙofa kan BECE, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, ta ce, "Malama, don Allah gaya mini gaskiya, yarinyar nan za ta rubuta BECE kamar sauran?" Na ce, "Hajiya, za ta rubuta in sha Allahu." WAEC na shirya takardun jarrabawa da rubutun makafi da kuma manyan haruffa, amma sai makaranta ta sanar da larurar tun wajen rajista. Na riga na kai wa shugaban makaranta bayaninta a rubuce, kuma ranar cike fom ɗin zan zauna a wurin.