Laraba: na karɓe takardar monita

Sai da takwas ta gota na isa makaranta yau. Ruwan daren jiya ya kwaɓe layinmu na Rigasa, mai keke ya ce ko nawa zan ba shi ba zai shiga ba, na ƙarasa da ƙafa. Na tarar da aji huɗu kamar kasuwa: yara tamanin da biyu, rabi a benci, rabi a ƙasa. Monita na tsaye yana rubuta sunayen masu "banakula", wato waɗanda bakinsu ya suɓuce suka yi Hausa. Sunaye talatin da ɗaya. Na karɓi takardar na ninke na jefa a jaka.

Makon jiya aka kai mu bitar kwana uku. Mai koyarwar ta yi ta nanata cewa a raba yara rukuni-rukuni, wanda ya gane ya ja wanda bai gane ba. Na ɗaga hannu na ce, "Hajiya, da wane harshe za su ja junan?" Ta ce da Turanci mana. Ban yi musu ba, ga alawus ba a biya ba tukuna. Amma a motar dawowa zauren Baba na Tudun Wada ne ya yi ta faɗo min a rai. Shi kaɗai ne malami, almajirai kuwa har bakin titi. Ya biya wa gardawa, gardawa su biya wa titibirai, su kuma su zauna da ƙolaye suna nuna musu baƙi da tsinke. Ashe abin da ake haska mana da majigi, a cikinsa na tashi.

Yau na gwada. Rukuni goma, kowanne na sa masa wanda ya iya karatu. Doka ɗaya na kafa: ku yi gardamarku da Hausa, amsar da za ta hau allo kuma da Turanci. Darasin shi ne evaporation. Sau biyu na koyar da shi a baya, suna rera kalmar kamar waƙa, ba wanda ya san abin da take nufi. Ina zagayawa sai na ji wata yarinya ta can baya, wadda tun farkon zango ban taɓa jin muryarta ba, tana ce wa 'yan rukuninta, "In Umma ta shanya wanki da safe, kafin azahar ina ruwan yake tafiya? Ai ba duka ne ya ɗiga ƙasa ba. Rana ce ta kwashe." Na tsaya cak. Ni da takardar shaidar malanta ta NCE ban kawo misalin da ya kai wannan ba. Ɗaya daga cikinsu ya fito ya rubuta "The sun take the water", sai rukunin gefe suka ɗau ihu wai ya manta da s. Da kansu suka gyara.

Ba duka ne ya yi kyau ba. Shugabar rukuni na uku ta rubuce komai, sauran suka kwafa. Na bakwai kuwa da rula ya yi koyarwarsa.

Hayaniyar ce ta jawo hedimasta. Ya leƙo ta taga ya ce, "Malama, kin dai san an soke koyarwa da Hausa ko?" Na ce na sani, ranka ya daɗe. Tsarin ilimi na 1977 ya ce harshen gida a shekarun farko, daga baya a koma Turanci. A 2022 aka ce harshen gida har aji shida. A Nuwamban 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya ce an janye, Turanci tun daga tushe. Duk wannan kai-komon, yaran nan da Hausa suke tunani. Na nuna masa allo na ce ya duba, akwai Hausa a kai? Ya karanta jimlolin, ya ce a dai rage surutu, ya wuce.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne horon namu. A kwaleji an koya mana tsara darasi da sunayen masana, amma ba ranar da aka zaunar da mu aka ce ga yadda ake tsallakar da yaro daga harshensa zuwa wani. Tun da aka sallami malamai 21,780 a jiharmu ta Kaduna bayan jarrabawar gwajin malamai ta 2017, kowa tsoro yake kada a ji Hausa a ajinsa a ce bai iya Turanci ba. Alhali tun 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya fara gwaji a Ife, aka koyar da yara da Yarabanci shekara shida, Turanci na matsayin darasi, kuma Turancinsu bai gaza na sauran ba.

Da aka tashi monita ya biyo ni har bakin ƙofa, fuska a murtuke. "Anti, to ni yanzu mene ne aikina?" Na ce gobe shi zai karɓi rukuni na bakwai, amma ban da rula.

An ɗauke wuta, da fitilar waya nake duba littattafai. Saura arba'in da shida.