Godiya ga kocin ɗana da duk waɗanda suka tsaya mana

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki, na nan Amurka da na gida.

Alhamdu lillahi, likita ya sallami ɗana, ya tabbatar kansa ya warke, zai iya komawa karatu da atisaye. Ranar Asabar kuma aka yi walimar bankwana da kocinsu, wadda ta ajiye aiki bayan shekaru sama da ashirin tana horar da tawagar masu zuga 'yan wasa ta jami'arsu. Shi ya sa na ga ya kamata in fito fili in yi godiya.

Da yawanku kun tambaye ni wane irin wasa ne wannan da ake kira cheerleading a Turance. Su ne ake gani a gefen fili lokacin ƙwallon jami'o'i, suna kirari, suna alkafura, suna cilla mutum sama su cafe shi. A Jami'ar Minnesota aka faro shi a 1898, kuma maza ne zalla a lokacin, sai a yaƙin duniya na biyu mata suka rinjaya. Ɗana yana cikin na ƙasa, masu ɗagawa da cafewa. A watan Maris, ana shirin gasar ƙasa ta Daytona Beach da ke Florida wadda ake yi duk Afrilu, yarinyar da aka cilla ta sauko a karkace. Ya tare ta ba ta taɓa ƙasa ba, amma gwiwar hannunta ta same shi a ka. Ya miƙe ya ce lafiyarsa lau.

Koci, ke ce kika ƙi yarda. Kin duba idonsa, kin yi masa tambayoyi, kika fitar da shi daga tabarmar atisaye nan take, kika kira ni da kanki kafin a kai shi asibiti. Da aka ce ƙwaƙwalwarsa ta girgiza, kika cire sunansa daga masu zuwa Daytona, alhali makonni kaɗan suka rage. Wahalar shekara guda, a minti biyu da 'yan daƙiƙoƙi ake nuna ta gaban alƙalai, kuma gasarki ta ƙarshe ke nan. Yaron ya yi kuka, ya roƙe ki. Kika ce a'a, kika sake tsara wasan tun daga tushe. Ba ku dawo da kofi ba, kuma har yau ban ji kin ɗora wa kowa laifi ba.

Mutane ba su san wahalar aikin nan ba. Hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ba ta lissafa wannan wasa cikin wasanninta, har wata kotun tarayya ta yanke hukunci a 2010, a shari'ar Jami'ar Quinnipiac, cewa bai cika sharuɗɗan wasan jami'a ba. Sai a 2021 kwamitin Olamfik ya ba ƙungiyar wasan ta duniya cikakkiyar amincewa. A cikin wannan hali kika yi aikinki: koyarwa a sakandare da safe, atisaye da yamma, neman kuɗin tafiya da wankin motoci a ƙarshen mako. Duk da haka, da azumi ya faɗo lokacin shirin gasa, kika mayar masa da atisaye mai nauyi bayan shan ruwa ba tare da mun roƙa ba.

Ina godiya ga abokan wasansa da suka riƙa karanta masa darasi lokacin da aka hana shi kallon waya da kwamfuta. Iyayen yarinyar, kun zo har gida hankalinku a tashe. Wallahi babu komai a ranmu, tsautsayi ne. Matan masallacinmu da suka yi ta kawo abinci, da 'yan uwa na gida da suka raba dare suna kira, Allah ya bar zumunci.

Koci, Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki lafiya da hutu mai daɗi, ya tsare miki naki 'ya'yan. Amin.