Tafiyata Tudun Wada saboda taraktar Kawu

Ruwan farko ya sauka, na biyu ma ya sauka, kowa na ta haro a gonarsa amma taraktar Kawu tana tsaye a gindin ɗorawa. Da ya kira ni a waya muryarsa kaɗai ta ishe ni, ya ce ɗana batir biyu na saya cikin wata uku, duk sun mutu. Ni kuwa zuciyata ta ba ni ba batir ba ne, don haka washegari da asuba na biya na ɗauki wani rewaya da muka saba da shi, muka tsaya Ƙofar Ruwa muka sayi fambel da kabon na altaneta, wato na'urar da ke yi wa batir caji, da 'yan ƙwayayen wuta don ko da za a buƙata, muka kama hanyar Zariya.

Mun wuce Kura, mun wuce Chiromawa, a Kwanar Dangora muka tsaya muka sha shayi da burodi sannan muka karya hagu muka ɗauki hanyar Tudun Wada, wadda in ka miƙe ta za ta ratsa da kai dajin Falgore har Doguwa. Ƙasa ta jiƙu, ƙamshinta na shigowa ta taga, ko'ina mutane ne da shanun huɗa da buhunan taki a bayan babur. Daga titi zuwa ƙauyen su Kawu kuwa sai da muka ajiye mota muka hau acaɓa saboda taɓo.

Taraktar tsohuwar Massey Ferguson 375 ce, jan fentin duk ya koɗe, amma injin Perkins ɗin nan nata lafiyarsa ƙalau. Abin da ya ba ni tausayi shi ne yadda yaran suka koma ajiye ta a kan gangara kullum da yamma, da safe a tura ta ta tashi. Ka san injin dizal irin na da, in ya riga ya tashi ba ruwansa da batir, zai yi ta aiki har dare, shi ya sa ba wanda ya lura ba ta caji sai da safe in an murɗa makulli a ji ƙas ƙas kawai.

Rewaya bai ce komai ba, ya ciro mitar auna ƙarfin wuta ya ɗora kan batir, ta nuna 12.1. Aka tura aka tayar, ya sake ɗorawa, tana nan inda take. Ya juya ya ce Baba, in da tana caji da kun ga wajen 13.8 zuwa 14.4, wannan batirin ci kawai ake yi ba a mayar masa. Wani ɗan Kawu ya ce ai su cire kan batir suke yi injin na aiki don su gwada, wallahi sai da rewayan ya dafe kai, ya ce kada a ƙara, haka ake ƙona dayod da regileta na altaneta, kuma a injin dizal ma gwajin ba ya nuna komai.

Daga nan aka bi abu ɗaya bayan ɗaya. Fambel ya saki sosai, ka danna da babban yatsa ya lotsa kamar igiyar shanya, gefensa har ƙyalli yake don santsi, aka sa sabo aka ɗaure. Kan batir ya yi farin gari da kore, aka zuba ruwan zafi aka goge da samfefa, wayar at, wato ta nagetib, da ke ɗaure jikin bodi ita ma tsatsa ta cinye ƙarƙashinta. Muka tayar, mita ta ɗan motsa amma ba ta kai ba. Ni har na fara lissafin kuɗin sabuwar altaneta a raina.

Sai rewayan ya kashe injin ya murɗa makulli rabi, ya tambayi Kawu, jar wutar nan ta batir a dashbod yaushe rabon da ku gan ta ta kama? Kawu ya yi shiru ya ce tun bara. Ashe ƙwan ya ƙone. Rewayan ya yi mana bayani cewa a irin wannan altaneta ta cikin ƙwan nan 'yar wuta ke bi ta je ta tayar da maganaɗisun ciki kafin ta fara haifar da tata wutar, in ƙwan ya mutu sai ta yi ta juyawa a banza, sai fa in an taka totur da ƙarfi wani lokacin ta farka. Ya zare tsohon, baƙi ƙirin, ya sa ɗaya cikin waɗanda muka sayo. Aka murɗa makulli wuta ta kama ja, injin ya tashi ta ɗauke, mita ta hau 14.2 ta tsaya.

Kawu ya riƙe ƙonannen ƙwan a tafin hannu yana juya shi, ya daɗe bai yi magana ba, sannan ya ce Allah Ya yi muku albarka. Ba mu koma Kano ranar ba, ya hana. Muka ci tuwon masara da miyar kuka, kafin magariba ɗaya cikin yaran ya riga ya ɗaura haro ya shiga gonar bayan gari, ina kwance a tabarma ina jiyo ƙarar injin daga nesa. Da asuba na fito don in gani da idona, aka murɗa makulli sau ɗaya ta tashi a inda take, ba a kan gangara ba.