Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Darasin da Malama ta ƙi jinkirtawa

Makon jiya na tsaya a inda muka shiga aji biyar aka sauya mini ɗakin kwana. Wadda gadonta ke ƙarƙashin nawa 'yar Gumel ce, siririya, farin idonta ya yi ruwan ɗorawa. Mai sikila ce. Iyakar sanina a lokacin shi ne abin da ake faɗa a gida: wasu su ce amosanin jini, wasu su ce iska, wasu ma su ce sammu.

Da hunturu ya kankama, ciwon ya taso mata cikin dare. Tana kuka tana cizon bakin zaninta don kada ta tashi mutane. Ta ce, "Don Allah danna mini ƙafar nan, ƙashin ne ake sara." Muka ɗumama ruwa muka zuba a gora, muka naɗe da tawul muka ɗora mata a gwiwa. Da asuba aka wuce da ita asibiti.

A makon ne Malamar Bayoloji ta shigo aji ta ajiye littafi gefe. Ta ce darasin gadon halitta na 'yan aji shida ne, amma ba za ta jira ba, don ta san cikinmu akwai waɗanda aure zai ɗauke kafin baɗi. Ta zana ƙwayar jini ja, zagayayya mai laushi, wadda ke ratsa ƙananan jijiyoyi ba wahala, tana kuma yin kwana kusan 120 a jiki. Ta mai sikila kuwa takan lanƙwashe kamar lauje, ta yi tauri, ta toshe hanya, kuma cikin kwana 10 zuwa 20 ta mutu. Daga nan ciwon ƙashi yake, daga nan ƙarancin jini da ɗorawar ido. Sanyi, ƙishirwa, zazzaɓin cizon sauro da aikin wahala duk suna tayar da shi.

Sai ta ja akwati mai gida huɗu a allo, ta ce A lafiyayyen jini ne, S kuma na sikila, kowa yana gadon ɗaya daga uba ɗaya daga uwa. Ta sa AS a sama, AS a gefe, ta cike gidajen: AA, AS, AS, SS. Ta buga alli a kan na ƙarshe, SS, wato mai sikila. "Kada ku ɗauka in an haifi huɗu ɗaya ne kawai zai samu. Kowane ciki da nasa lissafin, kashi 25 cikin 100. Ana iya jera uku duk SS." Ta ce mai AS lafiyarsa ƙalau, shi ya sa bai san yana ɗauke da shi ba, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya haka yake.

Wata daga baya ta ce, "Malama, ai ƙaddara ce."

"Ƙaddara ce, 'yata. Amma an ce ki ɗaure raƙuminki sannan ki yi tawakkali. Ku tambayi samarinku tun zance bai yi nisa ba. In aka kawo lefe, bakinku ya riga ya mutu."

Aji ya ɗauki dariya da rufe fuska. Ni ban yi dariya ba. Tun ina firamare aka ce an ba Yaya ni, ɗan Baffa, kuma ina son sa. A zaune a wurin na tuna ƙanwarsa da ta rasu tana ƙarama, hannuwanta da ƙafafunta kullum a kumbure, ana ta yi mata hayaƙi.

Yanzu Jihar Kano ta yi doka a 2024 da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da na jinotayif, wato wanda ke nuna ko mutum AA ne, AS ko SS. A zamaninmu babu wannan. Kuma har gobe ina ganin gwajin da ake yi ana saura 'yan kwanaki ɗaurin aure ya makara, don lokacin zukata sun shaƙu, iyaye sun kashe kuɗi. Tun ƙaramar sakandare ya kamata a koyar da wannan akwatin, maza da mata, a kuma yi wa yara gwajin su san kansu.

Da aka yi hutu na iske Inna tana tankaɗe a tsakar gida. Na daɗe ina juya maganar kafin na ce, "Inna, ina so a gwada jinina da na Yaya."

Ta ajiye rariya. "Wa ya koya miki wannan rashin kunyar? A makarantar ake koya muku zancen aure?"

Na ɗauko tsinke na zana mata akwatin a ƙasa, na ambaci sunan marigayiyar. Ba ta ce komai ba har bayan la'asar, sannan ta kira ni ɗaki ta kwance bakin zaninta ta miƙo mini kuɗi. "Ki fara yin naki gobe. Kada Malam ya ji daga bakinki, ni zan san yadda zan gaya masa."

Abin da takardar ta nuna, da yadda aka kwashe da Baffa, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.