Laburare ba gidan raino ba ne

Jama'a, akwai wata ɗabi'a da muka tsinta lokacin korona, har yau ba ta sake mu ba. Tun da aka rufe makarantu a Maris ɗin 2020, aka kuma kulle Daura a Afrilu, iyaye suka rasa yadda za su yi da yara. Ana sassautawa sai wasu suka mai da laburare wurin ajiya.

Da idona na gani a nan cikin Katsina. Uba ya sauke 'ya'yansa biyu daga babur, ya miƙa musu kuɗin awara, ya ce, "Ku zauna ku yi karatu, yanzu zan dawo." Ƙaramar ko baƙi ba ta gama ganewa ba. Takunkumi ya zame mata zuwa haɓa, tana ta jawo littattafai tana jerawa a ƙasa, yayan nata kuwa tuni barci ya kwashe shi kan tebur.

Ma'aikaciyar wurin, baiwar Allah, ita ta kai ta banɗaki, ta ba ta ruwa. Aikinta ne? Ban ga laifin fita nema ba, kulle ya karya mutane da yawa. Amma har aka yi la'asar, ana shirin rufewa, bawan Allahn nan bai dawo ba, ko lambar waya bai bari ba.