Hadarin da Ya Tsare Mu a Bakin Ruwan Yawuri

Da hantsi muka bar tashar Birnin Kebbi, rana tana ƙwallawa, sama fes kamar an share ta. Farkon watan Yuni ne. Ruwa ya sauka sau biyu ya ɗauke, waɗanda suka yi shuka sai kallon gabas suke yi. Suna zan je a wani gungu da ke cikin ruwan Yawuri, inda ƙanwata take aure.

Ba mu kai Kalgo ba wani saurayi da ke kujerar gaba ya karanto mana labari daga wayarsa: hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, ta fitar da hasashenta na kwana uku, ta ce a sa ran ruwa da tsawa a sassan Kebbi da Zamfara da yamma, kuma iska mai ƙarfi na iya riga ruwan isowa. Na leƙa ta taga, na yi dariya. Na ce Kebbi fa daga Argungu take har Zuru, wane sashen ake nufi? Direbanmu, mutumin Jega, bai ko waiwayo ba. "Malam, wanga zahi ba na banza ba na."

A gadar Jega, Gulbin Zamfara duk yashi ne, sai ɗan ruwan da yara ke wasa a ciki. Direba ya nuna fadama da baki, ya ce wa zai yarda nan ne ruwa ya shafe a 2020, shekarar da ambaliya ta cinye shinkafar Kebbi ana dab da yanka? Muka wuce Maiyama, muka yi azahar a Koko, gumi yana ɗiga daga haɓa.

Wajen ƙarfe uku da rabi muka iso bakin ruwa. Wanda bai taɓa ganin Kwara, wato kogin Neja, a Yawuri ba ba zai gane faɗinta ba. Tun da aka tare ta da madatsar Kainji a 1968, ruwan wannan yanki ya baje ya zama tafki, kuma a irin wannan fili iska ba ta da abin da zai tare ta. An riga an loda jirgi: buhunan gishiri, babura biyu, mata da kwandunan kaji. Na biya, aka miƙo mini rigar ruwa, na sami gefen katako na zauna. Mai inji ya kama igiya ke nan sai ga wani dattijo da sanda, ya tsaya ya daɗe yana duban gabas. Ya ɗaga hannu kawai. Mai inji ya saki igiya.

Sarkin ruwa ne. Ya ce ba jirgin da zai tashi.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Tafiyar ba ta kai awa guda ba, kuma ƙa'ida ita ce jirgi ba ya tafiya bayan ƙarfe shida, wato in na rasa wannan sai gobe. Na ce, "Baba, ai sama ba komai."

"Ɗana, bar sama, dubi ruwa."

Na duba. Ya kwanta lumui kamar mai a kasko, ko ganye ba ya motsi. Can ƙasa-ƙasa ta gabas akwai wani siririn layi mai launin shuni, wanda da ni kaɗai ne sai in ce hayaƙin gona ne. Ba wanda ya taya ni gardama. Mutanen nan ba su manta jirgin da ya nutse kusa da Warrah a watan Mayun 2021 ba, da ɗimbin rayukan da suka tafi da shi.

Ba a yi minti ashirin ba sai wani sanyi ya bugo mana fuska, da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Bayansa jar ƙura ta taso kamar bango. Rumfar masu kifi ta fara tafiya, sai kwanon wani shago ya ɓalle ya bi ta. Ruwan da na gani kwance ya miƙe, igiya tana haɗa jirage da juna, matasa suna ta ƙara ɗauri da ihu. Haka hadarin farkon damina yake a ƙasarmu: daga gabas yake tasowa a jere, iska mai sanyi ta zubo daga cikin gajimare ta ruga gabansa, shi ya sa ɓarnar takan riga ɗigon farko. Na sha faɗa wa ɗalibaina wannan a aji, alli a hannu. Ran nan a rakuɓe nake cikin masallacin tasha, rigar ruwa har yanzu a wuyana.

Sai ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, tsawa tana sa mata salati. Saurayin nan mai waya, ashe shi ma tsallakawa zai yi, ya matso kusa da ni. "Malam, an gano sashen?" Na ce an gano.

A Yelwa na kwana, garin ba wuta. Da asuba muka tsallaka, ruwa ya yi ja, yana ɗauke da kara da rassan itace, amma shiru kamar ba shi ba. Na tarar an yanka rago, an raɗa suna, maroƙi ma ya gama. Ƙanwata ta tarbe ni a ƙofar gida da jariri a kafaɗa, ta ce, "Yaya, sannu da hanya. Ka ci abinci tukuna, sannan ka taya su neman jinkar madafa, tun jiya iska ta kai ta bayan gari."