Kuɗin takarda ɗaya, kuɗin kilo ɗaya: abin da na koya a Nairobi

Shekara shida na yi ina makin takardun jarrabawar kammala sakandare kafin na tafi Nairobi ƙaro karatu a fannin tsare-tsaren gwamnati. Na san zaman dirshan a kan benci da jan biro, na san yadda ido ke raɗaɗi bayan takarda ta ɗari, na kuma san jiran kuɗin aiki wata da watanni har mutum ya gaji da duba waya. A lokacin ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin maganar haƙƙi ba. Cewa muke yi haka aikin ya gada.

A zango na biyu malamarmu ta ba mu aikin bin diddigin yadda kwamitocin majalisar Kenya ke gudanar da bincike. Na zaɓi batun masu makin KCSE, jarrabawar kammala sakandare ta Kenya, saboda abin ya shafe ni. Abokin karatuna, ɗan yankin Bomet, ya zaɓi manoman shayi, domin da kuɗin shayi mahaifiyarsa ta biya masa makaranta. Mun zaci kowa da inda ya dosa. Kafin mako uku mun gane tambaya ɗaya muke yi: wa ke yanka farashin aiki, kuma yaushe ake biya?

Hukumar shirya jarrabawa ta Kenya, KNEC, tana biyan mai maki ne bisa yawan takardun da ya duba, kuma farashin ya bambanta daga darasi zuwa darasi. A 2024 ɗalibai sama da 900,000 suka zauna KCSE, duk takardunsu kuma sai sun bi ta hannun malaman da ake tarawa a cibiyoyi na makonni. A Janairun 2023 masu makin darasin addinin Kirista suka ajiye biro a cibiyar St. Francis Girls da ke Mang'u, suna kukan ƙarancin kuɗi da aiki daga asuba har dare, sai da ministan ilimi na lokacin, Ezekiel Machogu, ya je da kansa. Da na karanta koke-kokensu, ji na yi kamar a ɗakin makinmu na gida aka rubuta su.

Lissafin manomi ya fi nawa sarƙaƙiya, kuma a nan na fi daɗewa. Ƙananan manoma fiye da 600,000 ke kai ganye masana'antun da KTDA, kamfanin raya shayi na Kenya, ke gudanarwa. Mace za ta fita da kwando a baya tun da raɓa, ta tsinko ganye biyu da toho ɗaya, ta kai rumfar awo. Duk wata ana ba ta wani abu a kan kowane kilo, sai kuma babban biyan da suke kira bonas, wanda ake sanarwa bayan an rufe lissafin shekara. Tsakanin rumfar awo da bonas akwai doguwar hanya da ba ta gani: kilo huɗu da 'yan kai na ɗanyen ganye ke ba da kilo ɗaya na busasshe, a cire kuɗin itace da lantarki da mota, a cire ladan dillali da na masu gudanarwa, sannan farashin gwanjon Mombasa, inda Pakistan da Masar ke cikin manyan masu saye, ya yi halinsa. Masana'antun gabashin babban kwarin Rift Valley, irin na Murang'a da Kirinyaga, sukan biya fiye da na yamma kamar Bomet da Kisii. Masu gudanarwa na cewa ingancin ganye ne. Mutanen yamma ba su gamsu ba, kuma 'yan majalisarsu sun sha tayar da maganar.

Darasin da ya fi shiga raina shi ne, biyan mutum da ɗai-ɗai, takarda ko kilo, yana kama da adalci tunda kowa na samun gwargwadon aikinsa. Amma wanda ya yanka farashin, kuma ya zaɓi ranar biya, shi ke riƙe da wuƙa da nama. Idan kasuwa ta faɗi ko kasafi ya makara, asarar a kan na ƙasa take sauka. Mahaifiyar abokina kan ci bashi a kan bonas ɗin da bai zo ba. Ni ma na taɓa karɓar buhun masara bashi a kan kuɗin maki.

Na je da tunanin cewa kwamitin majalisa wurin surutu ne kawai. Na rage wannan ra'ayi, ko da yake ban zubar da shi duka ba. Sashe na 125 na kundin tsarin mulkin Kenya na 2010 ya ba kwamitoci ikon kiran kowa da neman takardu, daidai da babbar kotu, sashe na 119 kuma ya ba kowane ɗan ƙasa damar kai koke. Dokar shayi ta 2020, wadda Sanata Aaron Cheruiyot na Kericho ya gabatar, ta majalisa ta fito, ta dawo da Hukumar Shayi, duk da cewa wasu sassanta sun maƙale a kotu. Abin da na lura shi ne, zaman da ɗan majalisa ya tsaya a kan "ku tausaya wa talakawa" yakan watse ba a tsinci komai ba. Wanda ya ce a kawo lissafin yadda aka kai ga farashin, layi-layi, da ranar da za a biya, shi ke sa jami'i ya gyara zama.

Tun da na dawo gida ban daina maki ba, don ina son aikin, kuma na san makomar yara na hannun wanda ke riƙe da biron. Sai dai yanzu ranar da aka raba mana takardu nakan tambayi shugaban rukuninmu, cikin ladabi, nawa ne kowace takarda kuma yaushe za a biya, in roƙi a rubuta. Karon farko ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, ba a hannuna yake ba." Na ce na sani, ranka ya daɗe, amma a isar da saƙon sama. A zama na gaba mu tara muka sa hannu a takardar.